Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Mai Shirin Kai Wa Giwaye Ziyara Cikin Marka

Ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida yake yi, wato daga zaune. Ina Gwaggo? Ina uwargida da yara? Takardar da ka turo ta WhatsApp ta iso Balan lafiya, har na sa an buga mini ita a shagon kwamfuta a Gaya, don abin al'ajabi irin wannan bai kamata ya ƙare a cikin waya ba. Gida-gida, layi-layi, wani kore wani ja. Ranar kaza a tashi ƙarfe kaza, a isa ƙarfe kaza da minti kaza. Gandun daji biyar cikin kwana bakwai, a tsakiyar Agusta, a cikin wannan motar taka: Baturiya, Yankari, Gashaka-Gumti, Falgore, a rufe da Kamuku. Har akwai layin da ka rubuta "kallon giwaye, minti arba'in da biyar". Ina fata ka tura wa giwayen nasu kwafin, kada su makara.

Na san inda ka kwaso wannan cuta. Tun da aka tura ka kwas Amurka ka dawo kunnenmu bai huta ba: wai can da an ba yara dogon hutu sai uba ya loda iyali a mota, su yi ta bin gandayen daji ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne suna yi. Amma da ka tsaya ka tambayi dalili, da an gaya maka. Yalosto, gandun da suke taƙama da shi tun 1872, yawancin hanyoyinsa a rufe suke ga motoci daga Nuwamba har wajen Afrilu saboda ƙanƙara. Hutun yaransu yana faɗowa daidai lokacin da ƙanƙara ta narke, hanya ta buɗe, rana ta yi tsawo. Sararin samaniyarsu ne ya tsara musu tafiya. Kai ka ɗauko kalandarsu ka baro musu samaniyar a can. Abin takaicin ma, gidanka bai wuce tafiyar ƙafa ba daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, inda ake auna ruwan sama tun zamanin Turawa. Ko mai gadin ƙofarsu ka tambaya zai gaya maka Agusta watan marka ne. Boko ya yi muku yawa a Zariya har ya toshe muku taga.

Mu fara da Yankari, tunda ita ce a takardarka na fi yarda a ƙona mai dominta. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, shekarar da aka buɗe jami'arku ta Ahmadu Bello. Sa'o'in juna ne ke nan, ɗaya ta tara giwaye, ɗaya ta tara ku. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ka riƙe wannan adadin da kyau, don a cikinsa wautarka take kwance. Da rani, duk wani tafki da kududdufi da ke cikin wannan fili yakan ƙafe, ruwa ya rage sai a kogin Gaji da fadamarsa. Ƙishirwa ce take koro ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza zuwa bakin kogin, giwa ma da girmanta dole ta sauko. Ciyawa ta bushe ta kwanta, wata an sa mata wuta, itatuwa sun kakkaɓe ganye, ido yana cin nisa. Shi ya sa waɗanda suka san dajin suke cewa a zo daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, kuma duk yadda rani ya ƙara tsanani, kallo ƙara kyau yake yi.

To a Agusta fa? Kowane rami ya cika. Dabbar da ruwa yake gindinta me zai kai ta kogi don Bazazzage ya ɗauke ta hoto? Gamba ta kere tsawon mutum, balle kai. Ɓauna tana iya kwanciya taku goma daga hanya ka wuce ta kana duba agogo. Giwayen da suka rage, ɗari ne ko ɗari da 'yan kai, sun bazu inda suka ga dama, kuma in an ji labarinsu a wannan lokaci, a bakin manoman ƙauyukan gefen daji ake ji, waɗanda suka wayi gari suka tarar an yi musu girbin masara ba da izininsu ba. Hanyoyin cikin daji sun zama taɓo. Tsando yana aikin rana, sauro ya karɓi na dare. Za ka biya kuɗin shiga, ka biya na mota, ka biya na mai rakiya, ka dawo da hoton ciyawa irin wadda take bayan gidanka a Samaru.

Abu biyu ne kawai za ka tarar a wurinsu ko rani ko damina. Na farko Wikki, maɓuɓɓugar da take fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminta ba ya canjawa dare da rana, yana nan wajen digiri 31. Sai dai daɗinta da hunturu ake sani, lokacin da sanyin asuba yake sa haƙora rawa, mutum ya gangara matakala ya tarar tururi yana tashi a kan ruwa, ya shiga ya ƙi fita. Kai ka ba ta minti talatin. Ko cire takalmin nan naka mai igiya ya ci goma.

Na biyu gogo. Shi kam ba sai ka nema ba, shi zai neme ka. Yana zaune a kan dakalin masauki, hannu a gwiwa, kansa a juye wai bai damu da kowa ba, alhali ya ƙirga ledar da aka sauke daga but tun kafin ka kashe mota. Ya san hannun yaro ba ya riƙo, ya san mace za ta saki jaka ta yi ihu, ya san marfin ƙofar da ba a sa wa makulli ba. Ka juya ɗauko buta, ka waigo ka gan shi a kan rufi ya kwance ƙullin leda da yatsu a natse, ya ƙwaƙule tsakiyar burodi yana ci, yana kallon ka. Gefe guda gadu ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo a tsakar masauki, ko a jikinsa. Ni abin da yake ba ni tausayi shi ne gogon da zai yi sa'ar kularka. Zai sha wahala ya buɗe, ya tarar da faten tsaki da yakuwa, ya mayar da murfi ya kawo maka abinka da ban haƙuri.

Sai hanya. Duk sa'o'in da ka jera, taswirar cikin waya ce ta ba ka, ita kuwa ba ta taɓa zuwa Wudil ranar Juma'a ba. Ka rubuta za ka taso daga Zariya da safiyar Juma'a ka ɗauke ni kafin azahar. Ranar ce kasuwar shanu take ci. Tireloli sun jeru ana loda bijimai zuwa kudu, 'yan acaɓa da masu kura da dillalai sun cika titi, kowa yana neman gada. Za ka yi sallar Juma'a a Wudil, ka ci abincin rana a Wudil, in ka yi wasa wani dillali ya sayar maka da maraƙi kafin ka tsallaka. Taswirar ba ta san da shingen bincike ba, inda za a ce ka buɗe but bayan ka sha wahalar rufe shi. Ba ta san da samarin da suke zuba ƙasa a rami suna ɗaga hannu ba. Ba ta sa lokacin alwala, ba ta sa na faci, ba ta san autarka takan ce fitsari daidai lokacin da aka bar gari. Ba ta kuma san cewa Gwaggo, da ta ji ta inda za mu bi, za ta tuna da 'yar'uwar da shekara da shekaru ba a gaishe ta ba, ta ɗaura maka ƙullin daddawa ka kai. Ka taɓa ganin an kai saƙon Gwaggo a tsaye? Sai an shimfiɗa tabarma, an dama fura, an ƙirga waɗanda suka rasu.

Wannan duk in titin yana nan ke nan. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, titi sabo, mai hannu biyu. Ruwan da bai ji kunyar wannan ba, ina zai ji ta hanyar burji?

Gashaka-Gumti kuwa, da na ga ka ba ta rabin yini sai da na kira maƙwabcina ya taya ni dariya. Wannan shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. Daga Yankari sai ka koma titin Gombe, ka bi Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali, kafin ka ga Serti inda ofishinsu yake. Tafiyar kaɗai ta cinye yini, ta gutsuri dare. In ka isa kuma, motar ta gama nata aikin, saura ƙafa. Dutsen Chappal Waddi, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, kwanaki ake yi ana hawa da 'yan dako da mai nuna hanya. Can damina takan riga tamu sauka, ta kuma daɗe bayan tamu ta ɗauke, koguna su cika su hana ƙetarawa. Birin nan mai ganga da kake son nuna wa yara, masu bincike sukan yi kwanaki suna bin sawunsa su dawo da kukansa kawai a kunne. Kai da hawa benen ofis yake sa ka zauna ka nemi ruwa. Sannan ka lissafa man zuwa da dawowa da farashin da ake sha tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ka gaya mini albashin wata nawa ne.

Na Baturiya ya fi ba ni haushi, don wannan maƙwabtanmu ne. Daga Gaya a bi ta Jahun da Kafin Hausa a faɗa Haɗeja, a ƙarasa ƙasar Kirikasamma. Abin da ya sa sunan fadamun Haɗeja da Nguru ya kai duniya, har mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona a 1989, shi ne tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka nan wajen Oktoba da Nuwamba, su juya kafin bazara ta yi nisa. A Agusta suna can gida suna renon 'ya'ya. Ka ga kai ka tafi neman baƙin Turai lokacin da suke Turai. Abin da za ka tarar shi ne kogi ya yi ambaliya, kacalla ta toshe magudanai, mutanen Auyo da Kirikasamma suna fama da buhunan yashi don ceton gidaje da shinkafa. Ka sauka a cikinsu da hular rana da madubin hangen nesa ka ce ka zo kallon agwagi, ka ji amsar da Bahaɗeje zai ba ka. Tsuntsuwar da take nan a Agusta ita ce shamuwa, ita kuwa ga ta can a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ta yi sheƙa tun farkon ruwa, ta ɓata mana inuwa da kashi. Ka zo ka kalle ta kyauta, in ka ga dama ka share gindin tsamiyar, aikinka ne dama.

Falgore da Kamuku ba zan yi musu dariya da yawa ba. Falgore tana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga su zuwa gandayen ƙasa, tare da fadamar Haɗeja da dajin Kogo na Katsina. Amincewa a takarda daban, mutum ya shiga da iyalinsa daban. Duk mai bin titin Kano zuwa Jos ta Tudun Wada ya san yadda direbobi suke ratsa wannan daji, ba wanda yake tsayawa ɗaukar hoto. Kamuku kuwa a Birnin Gwari take, a jiharka, kai ya kamata ka ba ni labari. Mutanen wajen sun ga abin da ba a fata. Ranar da su da kansu suka ce mana hanya ta yi kyau mu zo, za mu je mu gaishe su. Kafin nan ka goge layin, kada Gwaggo ta gani hawan jininta ya tashi.

Duk wannan gefe guda, wa ya gaya maka mutumin Balan yana da kwana bakwai na zubarwa a Agusta? Gero ya fid da kai, tsuntsaye sun fara kawo gaisuwa. Gyaɗa da wake suna jiran maimai. Rumbu ya yi ƙasa, abin da ya rage a aljihu taki ya cinye. Kai da ake turo wa albashi ta waya ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kana ganin kowa ma haka yake. Manomi ba ya yawon ganin ido sai amfani ya shigo gida, an sayar da riɗi, an biya bashi, an ga abin da ya saura.

Kuma ko da rani ne, wannan tsarin naka yawon sallah ne irin na yara: a leƙa zaure, a ce barka, a karɓi alewa, a ruga gida na gaba, da yamma a kasa faɗin gidan wa aka shiga. Namun daji da sassafe suke fitowa, sai kuma da la'asar sakaliya. Tsakanin nan suna inuwa, mai hankali ma yana inuwa. Fita ɗaya ba ta isa a ce an ga daji. Yau a ga kashin giwa sabo yana tururi da rassan da ta karya, gobe a ji ƙarar karyawar a cikin kurmi, jibi in Allah ya so a gan ta. Wanda ya iso da azahar ya juya da la'asar, gogo kawai ya zo gani, wannan kuwa da ka tsaya gaban madubi ka huta da kuɗin mai.

Ka tambayi tarihi yadda mu mutanen Gaya muke tafiya. Maƙerin da ake ba da labarin ya tashi daga nan ya je Dala neman tama, wuri ɗaya ya nufa, ya sauke kaya, ya zauna. Ga Kano can ta fito daga zaman nasa, Abagayawa suna nan har yau. Da ya bi tsarinka, dutse biyar cikin kwana bakwai, da yanzu ba ku da inda za ku je sarin atamfa.

Don haka ga umarnin ubangida. Tafiya ta koma Janairu, hunturu ya kankama, an gama kaka. Ka kauce wa cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ɗaki yake wuya a Wikki, ka kuma duba inda azumi ya faɗo, don a shekarun nan ƙarshen sanyi yake zuwa, ba kuwa zan shiga daji da ƙishirwa in kalli ɓauna tana shan ruwa ba. Ka kira masaukin tun da wuri ka tabbatar da ɗaki da motar shiga daji. Ka iso Balan ranar Laraba ko Alhamis ka kwana. Mu tashi bayan asuba ta Dutse da Birnin Kudu, inda za mu tsaya yara su ga zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, abin da takardarka ta wuce da gudu ko waiwaye babu. Daga nan Ningi. In rana ta ba mu dama mu ratse Sumu a ƙasar Ganjuwa, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. In ba ta ba mu ba, mu bar shi sai a dawowa. A Bauchi a cika tanki, a sayi ruwa, a ɗauki titin Gombe zuwa Dindima, a karya kudu zuwa ƙofar Mainamaji. Kada ka ga ƙofa ka fara hamdala, akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin masauki, kuma ba tafiyar da ake so duhu ya riske ta ba ce. In mun ga la'asar ta kama mu a Bauchi, a Bauchi za mu kwana.

Kwana uku a Wikki. Fita da safe, fita da yamma, wata rana a kai yara kogunan dutsen Marshall su ga ɗakunan da mutane suka fafe a jikin dutse suka zauna. Bayan haka ka bar kwana guda a takardarka fari fat, kada ka rubuta masa komai. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi. Wannan na taya ne, ko na zazzaɓin yaro, ko na saƙon Gwaggo, in kuma duk ba su ci shi ba, Wikki ta ci. Baturiya tafiya ce daban daga nan Balan, a cikin sanyin dai, mu kwana Haɗeja mu shiga kwalekwale da sassafe lokacin da dinya da kirinjijiya suke tashi, mu dawo da bandar kifi. In ka yi ladabi in saya maka busassun kwaɗi a kasuwa ka kai tsaraba Samaru. Gashaka sai wata shekara, da mako guda nata ita kaɗai, bayan ka yi wata uku kana hawa Kufena kullum da safe tumbin nan ya sauka.

Yaran kuwa, tunda hutun Agusta ne ya dame ka, ka turo mini su. Akwai gwangwani da igiya a gona, su yi ta korar tsuntsaye, su ci tumu, su koyi bambanta gero da dawa, abin da ubansu ya kai digiri na uku bai iya ba.

Kuɗin sharar da kake bi na tun Cika-ciki na riƙe, na sa shi a lissafin mai, kada ka sake aiko mini da tuni. Ka zo da safaya mai iska a ciki, da jak ɗin da yake ɗagawa, ka sa bakanike ya duba birki a gabanka. Guzuri daga nan za a yi, gurasa da dambun nama, kular fate ta tsaya Zariya. Kai ne direba, kai ne mai sauke kaya, kai ne mai gadin leda in gogo ya matso. Kujerar gaba tawa ce, ka goge ta kafin ka iso.